Abin Da Zanen Farantin Tangaran Yake Faɗi

Duk wanda ya bi hanyar motar da ta tashi daga Kaduna ta nufi Kaciya da Kafancan, idan tafiyarsa ta dace da ranar da Kasuwan Magani take ci, ba shi da zaɓi sai ya rage gudu, domin tun daga nesa zai tarar da manyan motoci sun jeru a bakin titi ana loda musu buhunan masara da dawa. Wannan kasuwa da ke cikin Ƙaramar Hukumar Kajuru ta daɗe tana haɗa Adara da Hausawa da Fulani da Gbagyi wuri guda, kowa da abin da ya kawo, kowa kuma da abin da ya zo nema. Manomi ya sayar da hatsinsa, makiyayi ya sayar da ɗan maraƙinsa, sa'an nan kuɗin su zagayo su faɗa hannun mai atamfa da mai kayan ɗaki, musamman bayan kaka, lokacin da bukukuwan aure suke yawaita.

A layin masu kayan ɗaki ne ake ganin uwa ta tsuguna gaban tarin kwanuka da kofuna da farantai tana zaɓar wa 'yarta kayan jere. Idan ta ɗauki farantin tangaran, fari mai shuɗin zane, sai ta ɗaga shi sama ta duba ko akwai tsaga, ta ƙwanƙwasa shi da farce ta saurari ƙararsa, sa'an nan a shiga ciniki, tana tayawa mai kaya yana cewa albarka, har a daidaita. Abu guda ne ba safai ake tambaya ba, watau me zanen nan yake nufi. Ita ba ta tambaya ba, shi ma mai kayan da ya saro shi daga Kano ko Anaca bai tambaya ba. An dai ga fure da tsuntsaye da kifi, an ce ya yi kyau, an naɗe a takarda.

Alhali kuwa a wurin mutanen ƙasar Sin da suka ƙago wannan irin ado, babu wani fure ko tsuntsu da aka ɗora a jikin tangaran don cike gurbi kawai. Kowane zane kalma ce, kuma idan aka haɗa su sai su tashi da magana, yawanci fatan alheri ga wanda zai mallaki farantin. Farantan da ake sayarwa a kasuwannin ƙasar nan a yau na inji ne, masu araha, amma zanen da ke jikin da yawa daga cikinsu ya samo asali ne daga aikin da aka soma fiye da shekara 650 da suka wuce. Wanda ya iya karanta shi zai ga cewa uwar nan ta sayi addu'a ta kai ɗakin 'yarta ba tare da ta sani ba.

Inda Aka Soma

Tangaran na ainihi daga abu biyu ake yin sa. Na farko wata irin farar ƙasa ce mai laushi da Turawa suke kira kaolin, sunan da suka samo daga Gaoling, wani tsauni da ake haƙo ta a kusa da birnin Jingdezhen na lardin Jiangxi. Akwai irinta a ƙasar nan, a Ƙanƙara ta Jihar Katsina da kuma wasu wurare a Filato. Na biyu kuwa wani dutse ne da ake dakawa ya zama gari. Idan aka kwaɓa su tare aka gina abin da ake so, sai a gasa a tanderu da zafin da ya kai wajen digiri 1,300, zafin da tukunyar yumɓu ta gida ba za ta iya jurewa ba. A wannan zafi ne ƙasar take haɗewa ta zama fara fat, ruwa ba ya ratsa ta, haske yana ratsa ta, idan an ƙwanƙwasa kuma ta yi ƙara kamar ƙararrawa.

Shuɗin kuwa daga wani ma'adini yake fitowa mai suna kobal. Abin mamaki shi ne, a lokacin da mai zane yake aiki da shi ba shuɗi ba ne, baƙi-baƙi ne kamar toka. Yakan zana shi da burushin gashi a jikin ɗanyen farantin da ba a gasa ba, wanda ke tsotse ruwa nan take, don haka idan hannu ya goce babu gogewa. Daga nan a lulluɓe zanen da ruwan gilashi, a sa a wuta, sai bayan an buɗe tanderu ne shuɗin yake bayyana a ƙarƙashin ƙyallin, inda wanki da shekaru ba sa iya kankare shi. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata a Kano ya ga yadda ƙyalle yake fitowa daga ramin baba kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗa ya zama shuɗi, ya san irin haƙurin mai aikin da ba ya ganin launinsa sai a ƙarshe.

A Jingdezhen ne wannan sana'a ta kankama, a cikin ƙarni na 14, zamanin da Mongolawa suke mulkin Sin a ƙarƙashin daular Yuan. Shaida mafi ƙarfi ita ce wasu dogayen tuluna biyu da ke ajiye a babban gidan kayan tarihi na birnin Landan, waɗanda aka rubuta shekarar 1351 a wuyansu. Rubutun ya nuna cewa wani mutum mai suna Zhang Wenjin ne ya ba da su sadaka ga wani wurin ibada, yana roƙon kariya da zaman lafiya ga iyalinsa. Tun daga farkonsa ke nan, tangaran mai shuɗin zane yana tafe ne da roƙo a jikinsa. Aikin ya bunƙasa har wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles, wanda ya rubuto wasiƙa daga birnin a 1712, ya ba da labarin cewa abu guda yakan bi ta hannun ma'aikata kusan 70 kafin ya kammala, wannan ya ja layin baki, wannan ya zana fure, wancan ya zana tsuntsu.

Shuɗin Musulmi

Mai karatu zai yi mamakin jin cewa wannan abu da duniya ta ɗauka na Sinawa ne tsantsa, da hannun Musulmi a cikinsa tun daga tushe. Tun a ƙarni na 9 magina na birnin Basra a Iraƙi suke ƙoƙarin kwaikwayon fararen kwanonin Sin da fatake suke kawowa, suna yi musu zane da shuɗin kobal. A 1998 aka gano wani jirgin ruwa ƙirar Larabawa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung na Indonesiya wajen shekarar 830, ɗauke da kayan Sin kusan guda 60,000, a cikinsu har da farantai 3 farare masu shuɗin zane. Kobal mai kyau da aka yi aiki da shi a Jingdezhen a ƙarni na 14 da farkon na 15 daga ƙasar Farisa, watau Iran, ake kawo shi, kuma a zamanin daular Ming akwai wani irin shuɗi na waje da Sinawa da kansu suka laƙaba wa suna shuɗin Musulmi.

Haka kuma manyan masu sayen kayan na farko Musulmi ne. Basine yakan ci abinci ne a ɗan ƙaramin kwano shi kaɗai, amma Balarabe da Bafarishe da Baturke sukan zauna ne su kewaye akushi guda, kamar yadda ake yi a zaurukan ƙasar Hausa. Saboda su ne aka riƙa gina manyan farantai masu faɗi, aka cika su da zane da'ira bayan da'ira, babu wurin da aka bari fili, irin yadda maƙeran Masar da Farisa suke yi wa tasoshin tagulla. A zamanin sarakunan Ming na farko har siffar butoci da daruka da gidan alƙalami na ƙasashen Musulmi aka kwaikwaya da tangaran. A zamanin Sarki Zhengde kuwa, wanda ya yi mulki daga 1506 zuwa 1521, an yi kayayyaki masu rubutun Larabci da Farisanci a jikinsu, domin akwai Musulmi masu faɗa a ji a fadarsa. Su malaman Sin da farko raina wannan ado suka yi, har wani masanin kayan da a cikinsu ya rubuta a 1388 cewa abu ne na marasa ɗanɗano. Sai da duniya ta yaba sa'an nan fada ta rungume shi.

Shahararren matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, wanda ya ambaci Gobir a cikin labarin tafiyarsa ta Takedda, ya je Sin wajen 1345, ya kuma ba da labarin cewa ana ɗaukar tangaran daga can zuwa Indiya har ya kai ƙasarsu ta Maroko. Daga 1405 zuwa 1433 wani Basine haifaffen gidan Musulmi mai suna Zheng He ya jagoranci ayarin jiragen ruwan sarki sau 7, jiragen suka kai har Mogadishu da Malindi a gabashin Afirka. A garuruwan Sawahili irin su Gedi da Mambrui a Kenya, an riƙa manna kwanonin Sin a jikin masallatai da kaburburan manya don ado. A 1611 Shah Abbas na Farisa ya ba da kyautar tangaran fiye da guda 1,000 ga hubbaren kakanninsa da ke Ardabil, sa'an nan fadar Topkapi ta sarakunan Turkiyya a Santambul tana riƙe da fiye da guda 10,000 har yau.

Yadda Ake Karanta Zanen

Mabuɗin karatun shi ne harshen Sinanci, wanda yake cike da kalmomin da lafazinsu ya zo ɗaya amma ma'anarsu ta bambanta, kamar yadda Bahaushe yake da fari na launi da fari na rashin ruwan sama. Idan mai zane yana son ya faɗi abin da ba shi da siffa, sai ya zana wani abu mai siffa da sunansa ya yi daidai da shi.

Misali mafi shahara shi ne jemage. A ƙasar Hausa ba wanda zai kai wa amarya kwano mai hoton jemage, halittar da ba ta cikin tsuntsaye ba ta cikin dabbobi. A Sinanci kuwa sunan jemage fu ne, sunan arziki da albarka ma fu ne, don haka jemage ya zama alamar alheri. Idan an zana shi kansa a ƙasa, to, an ƙara wata magana, domin kalmar kifewa da kalmar isowa su ma lafazinsu ɗaya, watau ana cewa alheri ya iso. Idan jemagu 5 ne, ana nufin ni'imomi biyar da Basine yake fata: tsawon rai, da wadata, da lafiyar jiki tare da kwanciyar hankali, da son aikata alheri, da kuma cikawa da kyau bayan tsufa. Duk dattijon da ya saba rufe addu'arsa da roƙon gamawa da duniya lafiya zai gane wannan lissafi.

Kifi sunansa yu, daidai da kalmar rara, don haka farantin da ke da kifi yana yi wa mai shi fatan kada rumbunsa ya ƙare kafin sabon hatsi. Barewa sunanta lu, daidai da albashin ma'aikacin sarki, watau fatan samun muƙami. Tulun fure sunansa ping, daidai da farkon kalmar zaman lafiya. Akwai kuma zanen wani kifi da yake tsalle yana ƙoƙarin haye gangaren ruwa, wanda a tatsuniyarsu idan ya haye yakan rikiɗa ya zama babbar halitta. Wannan kyauta ce ta ɗalibin da zai shiga jarrabawar neman aikin gwamnati, jarrabawar da ta kasance ƙofar ɗaukaka a Sin har zuwa 1905 da aka soke ta.

Wasu alamomin kuma daga ɗabi'ar abin aka ɗauko su. Agwagi biyu, mace da namiji, suna iyo a tafki, alama ce ta ma'aurata da ba sa rabuwa, don an yi imani irin waɗannan agwagi abokin zama ɗaya suke yi. Rumman da aka tsaga 'ya'yansa suka bayyana fata ne na zuriya mai yawa, daidai da yadda tsofaffi mata suke cewa Allah ya kawo ƙazantar ɗaki. Furen da ake kira lotas, mai kama da bado, yana nufin tsarki, domin daga cikin taɓo yake fitowa amma taɓon ba ya ɓata shi. Wani babban fure mai ganye ninki-ninki da ake kira fiyoni, shi ne sarkin furanni a wurinsu, yana nufin dukiya da daraja. Tsuntsu mai dogon wuya ɗan'uwan gauraka yana nufin tsawon rai. Sa'an nan akwai itatuwa uku da ake zanawa tare ana kiran su abokai uku na hunturu, cikinsu har da gora, saboda ba sa yaushi sa'ad da sanyi ya kashe sauran tsirrai. Su ne misalin mutumin da wahala ba ta sauya masa hali, kamar gawo da yake kore shar da rani alhali sauran itatuwa sun kaɗe.

Akwai zanen da ba kowa aka yarda ya mallaka ba. Halittar nan ta almara da Sinawa suke kira lung, mai jikin maciji da ƙahon barewa da faratan shaho, a wurinsu ba abin tsoro ba ce, ita ce mai kawo ruwan sama, kuma ita ce alamar babban sarki. Mai farata 5 a kowace ƙafa na fada ne kaɗai, sauran manya sai mai 4 ko mai 3, kuma wanda ya ƙetare wannan iyaka ya jawo wa kansa hukunci. Wannan ba zai zama baƙon abu ba ga mutanen da suka san cewa ba a busa wa attajiri kakaki komai yawan dukiyarsa. A cikin alamomi 8 na addinin Buda da ake zanawa kuma akwai wani ƙulli marar farko marar ƙarshe, alamar ɗorewa, wanda duk ɗan Arewa da ya gan shi zai tuna da dagi na jikin riga da bangon soro.

Wanda Aka Ƙaga A Ingila

Turawa sun daɗe suna sayen tangaran da tsada ba su san sirrinsa ba. Magina na garin Delft a Holan sun yi ta kwaikwayon zanen a jikin yumɓu na yau da kullum, har sai da wani Bajamushe mai suna Böttger da abokin aikinsa suka gano haɗin, aka buɗe ma'aikatar Meissen a 1710. Ingilishi kuwa suka gano dabarar buga zane da takarda daga allon tagulla, ta yadda za a fitar da farantai dubbai masu zane iri ɗaya ba tare da burushi ba.

Wajen 1790 ne masu ma'aikatu na Ingila suka harhaɗa wani zane nasu da ya fi kowane yaɗuwa a duniya: gida mai rufin Sin, da itace mai rassa a sunkuye, da gada da mutum uku a kanta, da kwalekwale, da tsuntsaye biyu a sama. Daga baya aka ƙaga masa labarin wata 'yar attajiri da ta gudu da magatakardan ubanta, aka kashe su suka zama tsuntsaye. Wannan labari Sinawa ba su san shi ba, a Ingila aka shirya shi, ya kuma taimaka wa ciniki ƙwarai, har ta kai ma'aikatun Japan da na Sin ɗin kanta suka koma suna kwaikwayon kwaikwayon. Wannan ya nuna cewa ko ɗan kasuwa ya san ado mai labari ya fi ado bebe shiga hannu.

Daga Ƙwarya Zuwa Tangaran

A ƙasar Hausa da kewayenta jere ya girmi tangaran nesa ba kusa ba. Da ƙore ake yi, sassaƙaƙƙu, da akusa da faifai, sa'an nan tasoshin tagulla na Bida da Kano. Da jirgin ƙasa ya zo, Kafancan ta zama mahaɗar layin Fatakwal da Kaduna da Jos wajen 1927, sai kantunan kamfanonin Turawa suka soma kawo kwanon sha mai fenti da farantan tangaran. A shekarun 1960 masu masana'antu Sinawa daga Hong Kong suka kafa ma'aikatun kwano a Ikeja da Kano, langa da fanteka da kwalla da samira suka mamaye ɗakuna, da yawansu ɗauke da furannin Sin. Magina ma ba a bar su a baya ba, domin a tsofaffin soraye na Kano da Zariya akan ga tasa ko faranti an manna a tsakiyar rufi, daidai inda bakan gizo suka haɗu, kwatankwacin abin da Sawahili suka yi a masallatansu.

Tun da dillalan kayan da suna yawo ƙauyuka suna neman abin da tsofaffi suka bari, ya kamata mai tsohon faranti ya san 'yan abubuwa kafin ya rabu da shi, mai saye kuma kafin a yaudare shi. Darajar na ainihi ba ƙarama ba ce. A 2005 an sayar da wani tulu na zamanin Yuan a gwanjon Landan kan fam miliyan 15 da 'yan kai, a 2021 kuma wani ɗan kwano na farkon ƙarni na 15 da aka saya dala 35 a ƙofar wani gida a Amurka ya tashi a kan fiye da dala 700,000. Sai dai irin wannan tsuntuwa ba ta cika faruwa ba, jabu kuwa ya fi na gaske yawa. Wanda aka zana da hannu ana ganin sawun burushi, nan shuɗin ya yi kauri can ya yi sirara, kuma ba a samun guda biyu da suka yi daidai tsaf. Na bugawa kuwa layinsa ɗaya ne ko'ina, wani lokaci har ana ganin inda takardar ta haɗu. Duk wanda aka rubuta wa Made in China da haruffan boko a gindinsa bai wuce ƙarni na 20 ba. Haruffan Sinanci 6 da ake gani a gindin wasu, masu ɗauke da sunan sarki, su ma ba hujja ba ne, domin magina na baya sun riƙa rubuta sunayen sarakunan da suka shuɗe, wasu don girmamawa wasu don cin riba.

Na Gida Fa?

Kudancin Jihar Kaduna ba baƙo ba ne ga aikin yumɓu mai daraja. A ƙauyen Nok ne masu haƙar kuza suka tono gunkin yumɓu na farko a 1928, a 1943 kuma aka kai wa Bernard Fagg wani kan mutum na yumɓu da aka samo a yankin Jama'a, dab da Kafancan, bayan ya shafe lokaci yana kafe a gonar doya ana korar tsuntsaye da shi. Waɗannan abubuwa sun haura shekara 2,000, suna da kitso da duwatsun wuya da zane iri-iri, amma waɗanda suka san ma'anarsu sun tafi da ita, sa'an nan masu haƙar sata suka kwashe da yawa suka fitar waje, musamman a shekarun 1990. Jemagen Basine ana karanta shi har gobe saboda an rubuta ma'anarsa an koya wa yara. Kan Jama'a kuwa ya zama mutum-mutumin gona ne saboda ba wanda ya rage da zai faɗi ko wane ne.

Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20, ta nuna abin da zai iya yiwuwa. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, watau Suleja, ta ɗauki ƙadangare da kunama da kifi da kada na tukwanen Gbagyi ta ɗora su a jikin tuluna masu ƙyalli da aka gasa da wuta mai ƙarfi, aka nuna su a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Har yanzu akwai tsofaffin mata a ƙauyukan Kajuru da Kaciya da rugagen Fulani da suka san sunan kowane zane na jikin ƙwarya da tukunya, kamar yadda tsofaffin maɗinka suka san aska biyu da aska takwas da tambari. Roba da kula suna ta korar ƙwarya daga kasuwa. Aikin malaman makaranta ne da ɗaliban jami'o'i da hukumomin al'adu su zauna da waɗannan iyaye, su rubuta sunan zanen da dalilinsa tun suna raye.

Akwai kuma abin da tarihin shuɗin nan yake tunatarwa. Ƙasar Sin ce ta ba da farar ƙasa, Farisa ta ba da launi, kuma a duk lokacin da hanya ta toshe kobal na waje ya yanke, launin kayan Jingdezhen yakan sauya. Mutanen Kasuwan Magani sun san abin da toshewar hanya take jawowa, domin a rikicin watan Oktoba na 2018 'yan sanda sun ce mutum 55 suka rasa rayukansu a garin, ciniki ya tsaya, mai hatsi da mai kwano duk suka yi asara, kafin daga baya gwamnatin jiha ta sake gina kasuwar. Tangaran abu ne da ba ya isa ɗakin amarya sai ya bi ta hannun mutane da yawa da addininsu da harshensu suka bambanta, kowa ya riƙe shi da kula ya miƙa wa na gaba.

Saboda haka idan uwa ta sake tsugunawa a layin masu kayan ɗaki bayan kakar bana, ta ƙwanƙwasa farantin kamar yadda ta saba, sa'an nan ta ƙara duba zanen. Idan ta ga agwagi biyu ko rumman ko kifi, ta san abin da za ta gaya wa 'yarta ranar jere. Idan kuma kakar yarinyar tana da rai, a ɗauko tsohuwar ƙwaryarta a tambaye ta sunan zanen da ke jikinta. Allah ya ba amare da angwaye zaman lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.